Tawul a Ƙarƙashin Turmi

Da turmi na shiga Kuala Lumpur. Ƙarami ne, na icen ƙirya, wanda nake daka yaji a ciki tun ina amarya a Gwarzo. Na naɗe shi cikin zannuwa na cusa a tsakiyar jaka, taɓaryar kuma na sa an rage mata tsawo don ta shiga. 'Yata ta fari ce ta haihu a can, ɗa namiji, ni kuma na je yi mata wankan jego. Ba na kiran sunanta, kamar yadda uwata ba ta taɓa kiran na babban wanmu ba. Yayarsu nake ce mata, wato yayar ƙannenta, kuma haka zan ce mata a nan.

Abin da ban sani ba ranar da na sauka, na kuma daɗe ban sani ba, shi ne tun a asibiti an gwada kunnen yaron bai amsa ba. An sake gwadawa, bai amsa ba. Aka ba su rana can gaba ta babban gwaji. Ita da mijinta, Malam Nasiru, suka haɗa baki kada a gaya mini, wai kada hawan jinina ya tashi a ƙasar mutane.

Setapak

Gidansu yana unguwar Setapak, can sama cikin wani dogon bene, inda in ka leƙa taga sai ka ga bayan tsuntsu yana shawagi a ƙasa da kai. Kullum bayan azahar hadari yakan taso daga bayan duwatsu, ya rufe garin ruf, a yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, sannan rana ta fito kamar ba a yi komai ba. Na kan zauna bakin tagar da yaron a cinyata, ina kallon jirgin ƙasa yana wucewa a kan gadarsa ba ƙara ba hayaƙi, in rasa ko barci nake ko ido biyu. Lokacin da cikina ke cewa hantsi ne, su sun yi la'asar.

Falo ɗaya ne, ɗakuna biyu, bango tsakani. Ni da surukina muka sha wahalar juna. In na fito ya shige, in ya fito na shige. Gaisuwa kuwa, shi yana kallon takalminsa, ni ina kallon firij.

Karatun Yayarsu ya daɗe yana ba ni kunya a gida, don ban iya faɗarsa ba. Matan ajinmu na yaƙi da jahilci sukan tambaye ni, likita ce? In ce a'a. Injiniya? In ce kusa dai. Gaskiyar ita ce teku take saurare. Tana da makirfo na cikin ruwa, baƙi, bai fi ƙwan kaza girma ba, a bakin doguwar waya. Takan zura shi kamar guga, ta ɗauki abin da ruwa ke faɗa, ta zo ta zauna gaban kwamfuta. Da na zo na tarar da kayan a cikin kwali a saman kwaba, ƙura ta fara hawa.

Yaron, Auwalu, ni ce abokiyar hirarsa. Ina yi masa wanka ina yi masa tsiya: kai maigida, na baro garinmu na biyo ka, ko kuɗin cefane ba ka ajiye ba, sai barci da kashi. Uwarsa kuwa ko uffan. Takan karɓe shi ta ba shi nono fuskarta na kallon bango, ta miƙo mini shi ba tare da ta dube shi ba. Ba wasa, ba rarrashi, ba ko ɗan sautin nan da mai jego ke yi a maƙoshi in ta ɗauka ba mai ji.

Ni kuwa daɗi ya kama ni. Na ce a raina, ashe boko bai cinye ta ba, ashe ƙetaren teku bai wanke mata kunyar ɗan fari ba. Har waya na yi wa ƙanwata na yi mata alfahari. Na ce ki zo ki ga alkunya irin ta mutanen da, ko kallonsa ba ta yi.

Turmin

Kunun kanwa ba ya yiwuwa ba gero, wanda na zo da shi kuma bai daɗe ba ya ƙare. Aka haɗa ni da wani ɗan ƙasarmu mai sayar wa ɗalibai kayan gida. Ya zo har ƙofa, ya durƙusa, Hajiya kaza Hajiya kaza, ya rantse geron nan shekaranjiya ya sauka daga Kano. Na ga ƙwayar ta yi ƙanana, ta yi fari, amma wanda ya gaishe ka da harshenka a inda ba mai jin ka, ba ka tsayawa duba masa kaya.

Na kafa turmi a kan tayil ɗin kicin na fara surfe. A nan na lura da wani abu, ban kuma ba shi muhimmanci ba. Auwalu yana kwance a ƙaramar katifarsa a falo yana tsala kuka, taɓarya na sauka sai ya yi tsit. Idanunsa a buɗe, hannu a dunƙule, kamar mai jiran a kira shi. In na tsaya juya gero ya ci gaba da kukansa. Na ce, to, mijin nawa Bahaushe ne, ya san ana yi masa abinci.

Ana cikin haka wata rana aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata 'yar tsohuwa ce Bamalaya, gajera, cikin dogon hijabi, tana haki, tafin hannunta a manne da bango. Yayarsu ta fito ta yi mana tafinta. Makcik ake ce mata, kamar dai mu ce gwaggo. Ashe can ƙasa take, hawa da yawa tsakaninmu. Mijinta yana kwance da ciwon shanyewar ɓarin jiki, ba ya samun barci sai da rana, kuma kwanakin nan wani dum, dum yake ji a cikin matashinsa, har ya fara cewa zuciyarsa ce za ta fita. Ita ce ta bi matakala hawa hawa, tana dafa bango, tana bin abin har ya kawo ta ƙofarmu.

Kunya ta rufe ni. Na ce a ba ta haƙuri, amma yaya aka yi ɗan turmin nan ya kai can, alhali rediyon da nake kunnawa ko a baranda ba a ji?

Ranar ce na fara ganin fuskar Yayarsu ta ɗan buɗe. Ta ce, "Inna, ƙara iri-iri ce. Siririya, irin ta cokali a kwano, ba ta nisa, bango ɗaya ya ishe ta. Mai kauri, irin ta turmi, ita ce ke shiga ginshiƙi ta bi shi har ƙasa. Haka take yi a ruwa ma."

Sai na tuna safiyar Gwarzo. Kana kwance kana jin dakan matan wata unguwa can nesa, lugude yana tashi yana sauka, amma waƙar da suke yi a kan turmin ba ta isowa. Shekara da shekaru ina jin wannan, ban taɓa tambayar dalili ba.

Makcik ba ta yi faɗa ba. Ta shiga kicin kamar gidanta, ta ɗauko tawul, ta ninka shi, ta sa na ɗaga turmin ta shimfiɗa a ƙasa. Ta ce in daka. Na daka, ƙarar ta koma ciki, ta mutu a nan inda ta faɗi. Ta ce boleh, wato ya yi. Sannan ta leƙa cikin turmin, ta ɗebi geron a tafinta, ta dube ni, ta buɗe hannuwa tana kaɗawa kamar fukafukai, dariya har da riƙe ciki. Washegari ta ja ni wani kedai, wato shago, a ƙasan bene inda ake sayar da kanari da aku, ta nuna mini buhun geron Kanona a jingine kusa da keji. Kunun dai ya shawu. Mai geron nan kuma har na baro ƙasar in ya hango ni sai ya tuna ana kiransa a waya.

Ita ce kuma ta kai ni bayan wani wurin ibadar Indiyawa, ta nuna mini bishiyar darbejiya. Na tsinki ganye na murza a hannu na shinshina, sai ga ni tsaye a ƙofar gidanmu, akuyoyi na wucewa. Na daɗe a wurin, ita kuma ba ta ce in yi sauri ba.

Tun da aka sa tawul, ko na daka Auwalu ba ya yin shiru. Na ce ya saba ne.

Titiwangsa

Wata Lahadi Malam Nasiru ya ce zai kai ni in ga tafkin Titiwangsa, in sha iska. Na yi mamaki, don ba mu taɓa zama mota ɗaya mu biyu ba. Na goya yaron muka tafi. Ruwan a kwance yake, dogayen benayen garin duk sun kifa a cikinsa, kai a ƙasa, suna rawa a hankali. Muka zauna a benci, shi can ƙarshe ni can ƙarshe.

Ya daɗe yana murza makullin mota kafin ya yi magana, kuma da tafkin ya yi ta, ba da ni ba. Ya faɗi gwajin farko da na biyu, da ranar da aka sa musu. Ya ce likitoci sun ce kada a yanke hukunci tukuna, amma ita ta riga ta yanke. Tun ranar ba ta sake ce wa yaron komai ba. Ya yi mata magana, ta ce me za ta faɗa wa wanda ba ya ji, ita da ta ƙare ƙuruciyarta tana sauraron kifi. Ya ce shi kansa abin da ke hana shi sukuni, huɗubar da ya yi masa a kunne ranar haihuwa, bai sani ba ko ta shiga.

"Inna, ba kunya ba ce," in ji shi. "Na ji kina yaba mata a waya. Ba kunya ba ce."

Na ce Allah ya sa mu ji alheri. Yaron yana barci a bayana, numfashinsa na taɓa wuyana, ni kuwa ina tuna duk tsiyar da na yi masa tun zuwana, ina tambayar kaina ina ta tafi.

Da muka koma na jira Yayarsu ta shiga wanka. Na ɗauki cokali na buga a kwano kusa da kunnensa. Bai motsa ba. Na kaɗa makullai. Na girgiza awarwarona. Yana ta kallon fanka. Na mayar da cokalin wurinsa, na wanke kwanon da ba a ci komai a ciki ba.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi nauyi a tafiyar. Ina so in zauna kusa da ita in riƙe hannunta, amma ban taɓa yi ba, ban san ta inda ake farawa ba. Tun tana jaririya kakarta ce ke yi mata wasa, ni sai dai in kalle ta ta gefen ido in ba kowa. Yanzu ga mu a ɗaki ɗaya a ƙarshen duniya, ina watsa mata ruwan zafi da ganye a baya, tururi ya rufe mu, kowa ta san abin da ɗayar ta sani, ba mai cewa komai.

Sai na bi ta hanyar da na iya. Ina surfe wata safiya, yaron na kuka, ita tana zaune a falo ta zuba wa taga ido. Na ɗaga murya kaɗan na ce, kai maigida, ka cika son kai. Da can in na daka sai ka yi shiru kana lissafin rabonka, tun da Makcik ta sa mini tawul ka daina kula ni.

Ba don komai na faɗa ba, sai don a ji murya a gidan. Amma na ji ta taso. Ta tsaya a ƙofar kicin ta ce in sake faɗa. Na sake, ina kallon turmi. Ta durƙusa ta janye tawul ɗin da kanta, ta ce in daka sau kaɗan, Makcik za ta yafe mana. Na daka. Kukan ya tsaya. Ta mayar da tawul, na daka, kukan bai tsaya ba.

Na ɗauka za ta yi murna. Sai ta miƙe tana goge hannu a zani, ta ce katifarsa a ƙasa take, turmi a ƙasa yake, ta yiwu a bayansa yake jin girgizar ba a kunne ba, ko kurma yana jin wannan.

"Inna, don Allah kada ki sa mini rai," ta ce, ta koma wurin tagarta.

Amma da yamma na ga an sauko da kwalin nan daga saman kwaba, an goge shi.

Bakin teku

Bayan mun yi arba'in malaminta ya aiko cewa akwai aikin da ba zai jira ba, ɗaukar ƙarar ruwa a wani ƙauyen masunta yamma da birni. Malam Nasiru ya kai mu ya wuce neman masallaci da abinci. Ni aikina riƙon yaro.

Ban taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi. Na zaci shuɗi zan gani irin na kalanda. Sai na tarar da ruwa ruwan ƙasa, kalar kunun kanwa, shi ma ya janye can nesa ya bar fili na laka yana ƙyalli. Itatuwa na tsaye a kan saiwoyinsu kamar masu tattare riga za su haye rafi. Wasu ƙananan kifaye suna tafiya a kan lakar da hannuwansu, su tsaya su kalle ka. Na ce a raina, in na ba da labarin wannan a Gwarzo za a ce zafin jirgi ne ya taɓa ni.

Akwai doguwar gada ta katako da ta shiga cikin ruwa, da 'yar rumfa a ƙarshenta. Can muka zauna. Ta zura makirfon, ta kifa abin saurare a kunnuwanta, ta daɗe, sannan ta cire ta kifa mini.

Farko na ɗauka wani ne ke suya. Taf-taf-taf ko'ina, kamar an zuba ƙosai a mai. Ta ce jatan lande ne, ƙanana, suna ƙyasta hannu, kuma na kusa da mu ne kawai nake ji, don irin wannan ƙarar ba ta da nisan zango. Na ce ina mai kaurin da take faɗa? Ta ce in jira ruwa ya dawo.

Muna jira tana yi mini bayani, a hankali, idonta a kan wayar da ta nutse. Ta ce can tsakiyar teku inda zurfi ya yi zurfi, ƙara mai kauri takan yi tafiyar da mota za ta wuni ba ta yi ba, don ruwa ba ya cin ta kamar yadda yake cin siririya. Amma a nan gaɓa teku kamar dogon soro ne mai gajeren rufi. Saman ruwa shi ne rufin, ƙasan shi ne daɓen. Ƙara ba ta da wurin zuwa sai ta yi ta bugun sama tana bugun ƙasa tana gaba. In daɓen yashi ne mai tauri ko dutse, ya maido ta, ta ci gaba. In laka ce, duk taɓawa sai ta sha wani abu daga jikinta.

Na ce, tawul ɗin Makcik ke nan.

Ta dube ni, har ta kusa yin dariya. Ta ce shi ne. Ta ce akwai kuma wani abu, wanda shi ne karatunta. In ruwa ya cika ƙanƙanta, ƙarar da ta fi kowace kauri ba ta ma samun shiga, kamar raƙumi da kaya a bakin ƙaramar ƙofa. Tana nan a waje, ba ta fasa ba, hanya ce ba ta ishe ta ba. Sai ruwa ya ƙaru.

Ruwan kuwa yana dawowa ba gudu ba hayaniya. Ya shafe sawun kifayen nan, ya hau saiwoyi, ya fara lasar ƙafafun gadar. Iska mai ɗumi, warin gishiri da busasshen kifi. Auwalu yana barci a ƙirjina. Ban san tsawon lokacin da na yi da abin nan a kunne ba, ina jin suya, ina gyangyaɗi. Can sai na ji kamar wani abu ya shigo ta ƙarƙashin suyar. Ba a kunne na fara jin sa ba, a ciki ne, wajen cibiya. Wuuum, wuuum, a hankali, kamar injin niƙa a wani gari da ba a gani. Na buɗe ido na duba ko'ina. Ba komai a kan ruwa sai hazo da wani farin tsuntsu.

Ta ce jirgin ruwa ne babba, yana can bayan inda ido ke kaiwa. Tun ɗazu irinsa ke wucewa. Yanzu ne ƙofar ta ishe shi.

Na zauna ina sauraron abin da ba na gani, ina tunanin duk wanda ya taɓa yi mini magana daga nesa ban ji ba. Uwata ta faɗo mini a rai, yadda takan yi gyaran murya a bayan ɗaki in na yi kuka, ba ta shigo ba, ba ta kuma tafi ba.

Da rana ta karkata sai wasu suka shigo, gurr, gurr, dum-dum-dum, daga nan, daga can, kamar makaɗa suna gwada ganguna kafin biki. Ta ce kifaye ne masu jakar iska a ciki, ita suke kaɗawa suna kiran juna. A daidai nan Auwalu ya farka ya fara ƙananan kukan yunwa.

Na ga ta kalle shi, ta kalli jakarta. Ta ciro sifika, ta haɗa da na'urar da makirfon ke jone da ita, ta murɗa wani abu har suyar ta ɓace, gangunan kaɗai suka rage, sannan ta kashe. Ta ce in tashi tsaye in riƙe shi a hannu, kada in jingina da komai. Ita ma ta miƙe, ta riƙe sifikar a iska ta bayan kansa, inda ba zai gan ta ba, ba ta taɓa shi ba, ba ta taɓa katako ba.

Ta kunna.

Kukan ya yanke a tsakiya. Bakinsa a buɗe yadda kukan ya bar shi, idanu sun buɗe tar, gira ta tattaru kamar ta tsoho mai son tuna wani suna. Ta kashe. Ya ɗan jira, ya ci gaba da kuka. Ta kunna, ya tsaya. Ta koma ɗaya kunnen, haka. Ta murɗa ta maido suyar jatan landen ita kaɗai, ya yi ta kukansa kamar ba a kunna komai ba. Ta maido gangunan, ya yi tsit.

Ta yi ta yi har na ce, ke, ya isa, za ki gajiyar mini da miji.

Ta ajiye sifikar a hankali. Ta ce wannan ba gwajin asibiti ba ne, ba a kafa hujja da shi. Tana faɗa hawaye na bin haɓarta. Ta miƙo hannu ta karɓe shi, karo na farko da na ga ta dube shi ido cikin ido. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta tuna ina tsaye, ta sunkuyar da kai. Wannan kam kunyar ce ta gaske, na san ta, ni na koya mata.

Na juya na fuskanci ruwa, don ba zan iya faɗa ina kallonta ba. Na ce, "Kunyar ɗan fari, ki bar ta a Gwarzo. Wadda na yi ta ishe mu, ni da ke. Yaron nan magana yake so."

Na taka na bar musu rumfar, na tafi can tsakiyar gada na tsaya ina kallon ruwa yana shiga tsakanin itatuwa, har Malam Nasiru ya dawo da shinkafa a ƙunshe cikin ganyen ayaba.

Asibiti, da bango

Ranar babban gwaji aka manna masa wayoyi a goshi da bayan kunne yana barci. Ni ina waje a kan kujera ina jan carbi. Da suka fito Malam Nasiru ne ya yi mini bayani, wannan karon yana kallon wajen kafaɗata. Ba lafiya lau ba ne, ba kuma abin da suka ji tsoro ba ne. Ƙara mai kauri tana shiga kunnuwansa duka biyu. Siririya ce ba ta samun hanya, kuma da ita ake rarrabe kalmomi, don haka za a sa masa ɗan abin ƙara ji tun yana ƙarami, a yi ta bibiya. Likitar ta ce maganin da ya fi kowane yanzu shi ne a yi ta yi masa magana, kusa, a ƙirji, kada a gaji. Malam Nasiru ya ce shi dai muryarsa mai kauri ce, yana ganin huɗubar ta shiga. Na ce ta shiga.

Makcik da ta ji labari ta hau da ƙafarta har sama. Ta ce bayan la'asar takan tura mijinta a keke zuwa baranda ya sha iska, a lokacin a cire tawul a daka wa yaro yadda ake so. Da na zo tafiya na bar musu turmin. Jakata ta yi sauƙi har na riƙa waiwaye kamar na manta wani abu.

Safiyar da zan tafi, na gama haɗa kaya ina zaune a bakin gado a ɗakina, hantsi ya shigo ta labule. Sai na ji wani abu ta bango. Na matsa na jingina kaina. Kalmomin ba sa ƙetarowa, bango ya tare su, sai kaurin muryar kaɗai, yana hawa yana sauka, ya tsaya kamar ana jiran amsa, ya sake tashi. Muryar Yayarsu ce. Ban ji abin da take ce masa ba, ba kuma nawa ba ne in ji. Amma akwai wani guntun sauti da yake ta dawowa, gaɓa uku, a hankali, kuma ko ta bayan bango na san sunan jikana.

Direba ya yi waya yana ƙasa. Na ce a ce masa ya ɗan jira.